Baƙon Reshe

Litinin, da hantsi

Ganye goma sha ɗaya suka rage a bishiya ta huɗu, layi na tara. Na ƙirga sau biyu, na sake na uku kamar wawa, sai ka ce ƙirga za ta ƙara su.

Shekara talatin da huɗu ina aikin Gandun Inuwa, ban taɓa rubuta komai ba sai jadawalin ban-ruwa. Littafin nan ma na 'yata ne, Cinnaka, ragowar na makaranta, rabinsa duk jan biron malami. Ina rubutu ne don bakina ya fara yi mini nauyi, kuma irin wannan magana ba a gaya wa bishiyoyi. Su ne ma ba na so su ji.

Kowa a ƙasar nan yana da inuwarsa, wato lemon da aka dasa masa ranar da ya faɗo duniya. Kurmi ne ya ara mana rai, ya kafa wa kowa bishiya ta zama shaida. Muddin tana da ganye kana nan. In ta juya baya, an kira ka ke nan. Juya baya muke cewa, waccan kalmar da ake faɗa wa wanki a kan igiya ba a faɗa wa inuwar mutum. Ban san me ya sa nake rubuta abin da ɗan yaye ma ya sani ba. Wataƙila so nake in ji ko har yanzu na yarda da shi. Na yarda, shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Tun da ruwan kogi ya sauko ja a farkon damina, bishiya shida suka juya baya a gefen gabas. Duk na tsofaffi ne, ba wanda ya yi mamaki. Wannan ta bakwai ita ce ta yarinya.

Alamar da ke wuyanta ta gidan tela ce, maƙwabcina. Ta 'yarsa ce, malamar da ke koyar da 'yan aji biyu. Haka alamar ta ce.

Laraba, da yamma

Tela ya kawo mini rigata da ya yi wa faci. Ya ce aljihun ya huje ne saboda rowa, hannu ba ya shiga sai ɓera. Na yi dariya yadda na saba. Shekara arba'in muna wannan tsiya da shi ta kan katanga, yana ce mini Sarkin Taki ina ce masa Mai Gajeren Zare.

Ya ƙi zama. Ya tsaya yana murza bakin rigar, can ya tambaye ni, tsakani da Kurmi, ko na taɓa ganin wadda ta kai haka ta dawo. Na ce bishiya ba ta da tabbas, na ga abin mamaki da yawa. Ya dube ni ya ce, “Labarin zuciya a tambayi fuska, Sarkin Taki.” Ya ajiye rigar a kan baro ya tafi.

Saura bakwai.

Alhamis, tsakar rana

Huɗu. Na ƙara taki, na san aikin banza ne, ciwon a saiwa yake.

Asabar, da hantsi

Na ƙarshen ya faɗi ina tsaye. Ko iska babu.

Aikina ne in je in faɗa, na kuwa je. Inna Mai Duba, mai yanke hukuncin gandu, ta zo da sandarta da mutanenta biyu, ta zagaya bishiyar sau uku ba takalmi, ta ɗaura farin ƙyalle a reshen ƙasa. Kwana talatin na jira. In ganyenta ɗaya ya fito kore a ƙarƙashin rana kafin su cika, a kwance ƙyalle. In bai fito ba, mai ita ta ɗauki gorar ruwa ta haye gada ta shiga Kurmi, ta amsa kira.

Ba a tilasta wa kowa, haka muke faɗa da alfahari. Sai dai wanda ya ƙi tafiya ba mai sayar masa da gishiri, ba mai amsa masa magana, kuma in akuyar wani ta yi ɓari a ce shi ne. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ba.

'Yar tela tana wurin, da alli a hannun rigarta, daga aji aka kira ta. Ba ta yi kuka ba. Uwarta ce aka riƙe.

Lahadi, da sassafe, kwana ɗaya da ɗaurin ƙyalle

Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar da aka haifi Cinnaka da safe, aka haifi 'yar tela da rana. Al'ada ita ce a ɗaure wa mai gandu ido, ungozoma ta kira sunan jariri, shi kuma ya miƙa hannu cikin kwamin dashe ya zaro wanda ya taɓa. Hannu ba ya zaɓe, Kurmi ne ke miƙawa. Ungozoma ta kira sunan 'yata na zaro, ta kira na 'yar tela na zaro, ta koma wurin masu jego ta bar ni da dashe biyu da alama biyu.

Da na kwance ido na duba, na farkon saiwarsa a murɗe take, da baƙin tabo kamar ƙuna. Na biyun kuwa lafiyayye, har daɗin kallo. Kafin Cinnaka mun binne biyu. Ba hujja nake kawowa ba, faɗa kawai nake yi.

Rami biyu, alama biyu, ba kowa a gandu sai ni.

Shekara ashirin da shida ke nan 'yata tana shan lemon bishiya ta biyar, lafiyayyar da na rataya wa alamarta, alhali an hana mutum ɗanɗana na inuwar wani. Rana dubu ta ɓarawo.

Talata, da yamma, kwana uku

Cinnaka ta zo gida. Cikinta wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura har takalmin mijinta take sawa. Ta ce kanta yana sara tun ranar Asabar. Da ta ce Asabar sai da cokali ya kuɓuce mini.

Ba a banza aka sa mata wannan suna ba, cinnaka ba ta san na gida ba. Ta fara da uwarta, wai labulen ɗaki ya tsufa, ta dawo kaina, wai na rame kamar sandar Inna. Daga nan ta shiga zagin mutanen gari. Ta ce tun da aka ɗaura ƙyalle mutane ke tsallaka titi in sun hango ƙawarta, don ba su san yadda za su gaishe ta ba. Gaskiya ne. Gaisuwarmu “yaya ganye” ce, a amsa “kore shar”. To wanda ba shi da ganye me za ka ce masa?

Ta ce, “Baba, kai da ka san bishiya kamar yunwar cikinka, ba abin da za ka iya yi mata?”

Na ce ina dubawa. Matata tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗaga kai ba.

In na yi shiru, 'yar mutane za ta haye gada a kan kiran da ba nata ba. In na buɗe baki, tawa ce za ta haye, da ciki. Kuma ko na yi shirun, wa ya ce Kurmi yana karanta alamar da na rataya? Shi ya san wa ya miƙa wa me. Gaba kura, baya sayaki.

Laraba, da hantsi, kwana huɗu

'Yar tela ta zo da bokiti ta ba bishiyar ruwa. Na ce ta bari ai aikina ne, ta ce in bar ta, hannunta ba ya son zama. An ce ta daina zuwa aji, wai iyaye suna tsoron ta shafa wa yara. Ta fara raba littattafanta.

Ta zauna a kan bokitin ta ce tana da tambaya, kada in gaya wa babanta. Ta ji tsofaffi suna cewa wanda aka kira yakan ji a jikinsa, ƙafarsa ta dinga ƙaiƙayin hanya, abinci ya fita daga ransa.

“Ni kuwa Baba ban ji komai ba. Yunwa ma nake ji fiye da da. Jiya sai da na ƙara abinci sau biyu, ina ci ina jin kunya. Ko laifi ne mutum bai ji an kira shi ba?”

Na ce ba laifi ba ne. Na shiga ɗakin kaya na yi ta gyara igiyar da ba abin da ya same ta har ta tafi.

Alhamis, da yamma, kwana biyar

Na je gidan Inna da niyyar faɗa. Na tarar ana taro a kan jan ruwan nan, manya sun cika zaure, wasu na cewa sabuwar hanyar da aka fasa ta arewa ce ta ɓata wa Kurmi rai, wasu na cewa a rufe baki. An aika mutum uku su dubo mafarin kogi tun wancan mako, har yau ba labari. Da aka watse Inna ta ce me ke tafe da ni. Na ce zarton gandu ya dakushe, a ba ni izinin kai shi washi.

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce in kai.

Juma'a, tsakar rana, kwana shida

Na kankare ɓawon wani ɗan reshe a can sama da farce. Kore ne a ciki, da danshi. Saiwa ta tafi amma saman bai sani ba tukuna. Ba zai wuce kwana uku a haka ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ban da wancan. Shekarun baya wani direban babbar mota daga ƙetaren iyaka ya yi kwana biyu a bakin gandu yana jiran gyara. Shi ya nuna mini yadda suke yi wa bishiya aure a ƙasarsu: a sare kan mai lafiyar saiwa, a feƙe reshen wata a cusa tsakanin ɓawo da itace, a ɗaure, sai su haɗe su zama ɗaya. Na ce masa a nan ko a baki ba a faɗar wannan, Kurmi ba ya aure, kowa da saiwarsa. Ya yi dariya ya ce to ku yi ta zama gwauraye.

Bayan ya tafi na gwada a bayan ɗakin kaya, da lemon banza irin na bakin hanya. Cikin biyar uku suka kama. Na tumɓuke su na ƙone don tsoro, amma hannu bai manta ba.

Sai dai reshen inuwa ba zai zauna a kan lemon banza ba, Inna ba za ta ko kalle shi ba. Dole saiwar ta zama ta gandu, kuma duk saiwar da ke gandu tana da mai ita. Guda ɗaya ce tak ba sai na roƙi kowa ba. Layi na biyu, ta goma sha uku. Shekararta sittin da ɗaya, ba ta taɓa ko tari ba.

Zarton ya dawo daga washi.

Asabar, da hantsi, kwana bakwai

Na yi.

Na fito rana na ɓullowa. Na yanko reshe uku daga ta huɗu, kowanne tsawon tafin hannu, da idanun toho huɗu huɗu, na nannaɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Na je gaban tawa na cire takalmi na gaishe ta kamar kullum. Na so in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na sa zarto daidai ƙuguna.

Ban san bishiya tana da nauyi haka ba sai da ta faɗi. Ƙamshin ganyen ya cika wurin har ya sa ni amai. Na ajiye zarto na ɗauki wuƙa. Na tsaga ɓawo wuri uku, na feƙe rassan, na cusa, na ɗaure da zaren tela, wanda ya rage a aljihun rigar nan, na shafe da kakin zuma. Aiki ya yi kyau, ko direban ya gani zai sara mini.

Ina wanke wuƙa mai sharar gandu ta hango, ta yar da tsintsiya ta ruga cikin gari.

Lahadi, da yamma, kwana takwas

An yi zama a kaina a gandu, gari kaf ya zo. Wani ya ce a kore ni yau yau, wani ya ce ni na jawo jan ruwan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya mai sayar da kifi ne, wanda inuwarsa ke layi na takwas, dab da masu ciwon. Ban ga laifinsa ba, gemun ɗan'uwansa ya gani ya kama wuta.

Inna ta ce in yi magana. Na ce ni ban iya shari'a ba, amma a maimaita mini dokar ƙyalle. Ta maimaita: in ganyenta ɗaya ya fito kore a ƙarƙashin rana. Na ce to a ina dokar ta ce a kan wace saiwa?

Inna ta miƙe. Ta zagaya kututturen, ta taɓa zaren da sandarta. Ta ce tun kakanni ba a taɓa yin wannan ƙazanta ba, don haka ba a taɓa hana ta da suna ba. Sa'an nan ta yanke.

“Saiwa ɗaya ba ta ɗaukar rai biyu. In baƙon reshe ya yi ganye, yarinya ta zauna. Amma in kututture ya fitar da nasa ganye, saiwa ta mai ita ce, a fizge baƙon a ƙone. Kai kuma yau ba ka da ganye ko ɗaya.”

Ta ciro farin ƙyalle ta ɗaura wa kututturena. Kwana talatin, daga yau.

Ta san lemo, tsohuwar nan. Ta san kututture mai lafiya ba ya mako biyu bai yi toho ba. A ganinta rai ta ba ni.

Litinin, tsakar rana, kwana tara

Cinnaka ta zo. Ba ta zauna ba, ba ta yi tsiyar labule ba, da ma ta yi.

“Ce maka na yi ka duba mata, ban ce ka kashe kanka ba. Jikanka fa? Wa zai zaro masa dashe? Ka dubi 'yar wani ka dube ni, ka zaɓi 'yar wani.”

Na ce ta zauna saboda ƙafarta. Ta ce ƙafarta ba ta dame ni ba, kada in yi kamar ta dame ni. Ta ce ƙawarta ce, tana sonta har cikin ranta, amma ita uba ɗaya gare ta. Ta yi kuka irin na haushi, wanda take yi tun tana ƙarama, baki a cije.

Kalma huɗu za su wanke ni a wurinta. Su ne kuma za su kai ta gada. Na bar ta ta tafi da fushinta.

Alhamis, da hantsi, kwana goma sha biyu

Yanzu ni ake tsallaka wa titi. Tela ne kaɗai ya leƙo ta katanga, ya buɗe baki zai ce yaya ganye, ya rufe. Ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, “Sarkin Taki, yaya saiwa?” Na ce tana riƙe. Ya ce bai san da wane baki zai gode mini ba. Na ce ya bari sai ya ga ganye.

Godiyarsa ta fi zagin Cinnaka ciwo.

Asabar, da sassafe, kwana goma sha huɗu

Cinnaka ta fara zuwa gandu kullum da hantsi, da bokiti, da wannan cikin. Kututturen take ba ruwa. Sai ta durƙusa da ƙyar ta bi ɓawon da yatsa tana neman tohona. Ba ta yi mini magana.

Talata, da sassafe, kwana goma sha bakwai

Ya fito. Toho biyu a gindi, ta gefen rana, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kore shar. Nawa.

Na tsuguna ina kallonsu. Ba zan yi ƙarya ba, na so su. Na so in ga jikana, na so in ƙara shekara goma ina zagin tela. Na ce a raina in na tashi na tafi ɗebo ruwa, ba abin da na yi, Cinnaka za ta zo ta gani ta yi guɗa, shi ke nan.

Na sa babban yatsa na murje su. Na shafa ƙasa a wurin.

Laraba, da sassafe

Uku yau.

Juma'a, da sassafe

Ɗaya. Baƙon reshe shiru. Ɗaya daga cikin ukun ya yi baƙi, na cire shi.

Lahadi, da hantsi, kwana ashirin da biyu

Bayana ya riƙe, na makara. Na fito ina ɗingishi ina zagin kaina, don in Cinnaka ta riga ni an gama. Da na iso layi na biyu sai na hango mace tsugune a gindin kututturen. Na ɗauka ita ce. Ashe matata ce.

Ta miƙe tana goge babban yatsanta a zane. Ya yi kore.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta ce in rufe baki ƙuda zai shiga. Na ce tun yaushe. Ta ce, “Shekara ashirin da shida kana ba bishiyar 'yar tela taki kwando biyu, ta 'yarka ɗaya. Ka ɗauka makauniya ka aura? Ranar ma da ka dawo daga dashe sau uku ka wanke hannu, ka ƙi ɗaukar jaririyar.”

Na ce me ya hana ta magana. Ta ce abin da ya hana ni. Ta ce ita ma ta sha lemon nan a bakin 'yarta, ba ta fi ni tsarki ba.

Daga nan ta ce huɗu ta samu yau, akwai ɗaya a ƙarƙashin zaren da na daɗe ban lura da shi ba, in dinga buɗe ido. Muryarta ba ta yi rawa ba sai a kan “huɗu”. Muka dawo gida tare, tana gaba ina baya, ta dafa mini ruwan zafi na gasa bayan.

Laraba, tsakar rana, kwana ashirin da biyar

Na biyu ma ya yi baƙi. Saura ɗaya, saura kwana biyar. Tela ya ɗinka wa 'yarsa jakar gora, ya nuna mini ta katanga. Cinnaka ta kwanta, ungozoma ta hana ta fita, mijinta ne ya kawo bokitin.

Idon sama na reshen kamar ya kumbura. Ko idona ne.

Alhamis

Ba idona ba ne.

Asabar, da hantsi, kwana ashirin da takwas

Ya buɗe. Ganye biyu, ko farcen jariri ya fi su girma. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini duka, ban damu da mai shara ba.

Litinin, da yamma, kwana talatin

Inna ta zo ta duba da gilashinta. Ta duba ganyen, ta koma gindin kututturen ta daɗe tana shafa ɓawon, inda duk ya yi tabo tabo. Ta ɗago ta kalli hannuna, ta kalli na matata. Ta ce ita dai ba ta ga toho ba, kuma abin da ido ya gani take yanke hukunci a kai. Ta je layi na tara ta kwance ƙyallen, ta ciro alamar gidan tela ta rataya a baƙon reshe.

Na ce wa 'yar tela yaya ganye. Babanta ne ya amsa mata.

Ungozoma ta ce kumburin Cinnaka ya sauka, ciwon kan ya tafi. Ta ce gishirin da aka rage mata ne. To, gishiri ne.

Saura kwana takwas nawa.

Alhamis, da sassafe

Biyar yau, kututturen nan akwai taurin kai. Matata ta ce gado ya yi.

Asabar, da yamma

Na koya wa surukina ɗaurin ido da zaro dashe, shi za a ba gandu. Na ce masa abu ɗaya: in ya kwance ido kada ya duba saiwa, ya dasa kawai. Ya ce me ya sa. Na ce duba ba ta da amfani.

Mutum ukun da aka aika mafarin kogi, ɗaya ya dawo. An shige da shi gidan Inna, ba a bar kowa ya gan shi ba. Wannan kuma ba ni zan ji ƙarshensa ba.

Talata, rana ta fito

A ɗakin kaya nake rubutu. Matata tana waje da gorar, a cikin jakar da tela ya ɗinka, ya ce kada ɗinki ya tafi a banza. Littafin nan ita zan bar wa, ta ce tana da murhu.

Mun murje na ƙarshe tare. Da na haye gada za a kwance ƙyallena, saiwa ta zama ta reshen, duk abin da ya tsiro bayan nan ba sunan kowa a kansa.

Ban zaci Cinnaka za ta zo ba. Sai ga ta da bokiti rabi, tana tafiya tana hutawa. Ba ta gaishe ni ba. Ta durƙusa ta bi ɓawon da yatsa, gefe da gefe, har ƙarƙashin zare, ta sake bi. Ba ta samu komai ba. Ta daɗe a durƙushe kafin ta ɗauki bokitin.

“Kada ka ɗauka don ita nake yi,” in ji ta. “Kututturenka nake ba. Kuma zan yi ta zuwa kullum har in tsufa, reshen can ya sha ko ya bari, ba ruwana.”

Na ce to. Na nuna mata ta dinga zubawa nesa kaɗan da gindi, kada ruwa ya kwanta a jikin ɓawo. Ta ce ta sani, 'yar mai gandu ce ita. Na ce zaren a kwance shi bayan wata ɗaya, in ba haka ba zai shaƙe reshen. Ta ce ta ji. Na ce taki kuma kwando biyu a shekara.

Ta ce ai ɗaya ake ba kowa.

Na ce wannan biyu take ci, tun tana ƙarama.